Tawagar nesa ko tawagar ofis ɗaya? Tambayoyi da amsoshi ga shugabanni da ma'aikata

Kullen korona na 2020 ne ya tilasta wa kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati ɗanɗana aiki ba tare da an haɗu ba. An ba da umarnin rufe Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen watan Maris, Kano ta biyo baya a Afrilu. Da aka buɗe gari wasu sun koma ofis gaba ɗaya, wasu ba su koma ba, wasu kuma suka raba makon gida biyu. Ga tambayoyin da masu jagorantar ma'aikata da su kansu ma'aikatan suka fi yi a kan lamarin.

Ban da wurin zama, mene ne bambancin tawagogin biyu?

A ofis ɗaya labari yana yawo da ƙafarsa. Akanta zai ji ana ta-da-jijiyar-wuya da direban tirela a waya, ya gane kaya za su yi latti tun kafin a rubuto masa. Sabon ma'aikaci yana gefe yana kallon yadda babba ke lallashin abokin ciniki da ya zo a fusace. Maganar da ta gagara a teburin taro sai a warware ta a hanyar masallaci lokacin azahar. Ba wanda ya tsara wannan, kuma ba a biyan ko kwabo a kansa.

A tawagar nesa, duk abin da ba a rubuta ba, ko ba a ɗauki waya da gangan an faɗa ba, bai isa kunnen kowa ba. Abin da ofis ke bayarwa kyauta, tawagar nesa sai ta saye shi da rubutu da tsari. Kusan duk sauran tambayoyin nan daga wannan tushe suka fito.

Kada kuma a ɗauka gini ɗaya shi ne kusanci. A shekarun 1970 Thomas Allen na jami'ar MIT a Amurka ya auna yawan maganar injiniyoyi da junansu, ya ga tana raguwa da sauri gwargwadon nisan teburansu, idan tazarar ta kai kimanin mita 50 kuwa da wuya su yi magana a kai a kai. Ma'aikatan da ke bene na ɗaya da na huɗu kusan tawagar nesa ce, sai dai ba su san haka ba, don haka ba su yi wa nisan tanadi ba.

Wace ce ta fi fitar da aiki?

Ya danganta da irin aikin, kuma an gwada an gani. Daga ƙarshen 2010 zuwa 2011 kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai a ƙasar Sin, tare da Nicholas Bloom na jami'ar Stanford, ya raba masu amsa kiran waya gida biyu na tsawon wata tara. Waɗanda aka tura gida, kwana huɗu a mako, aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari. Yawancin ƙarin ya zo ne daga raguwar hutun rashin lafiya da ɗan fita shan iska, saura kuma daga shirun gida. Masu ajiye aiki sun ragu da rabi. Amma ƙarin girma ya yi musu wuya fiye da na ofis ko da aikinsu ya yi daidai, kuma da aka ba kowa zaɓi bayan gwajin, kusan rabin na gida sun nemi komawa ofis, da yawansu saboda kaɗaici.

A ɗaya ɓangaren, an bi sawun ma'aikatan Microsoft sama da 61,000 a Amurka a watanni shida na farkon 2020. Bayan komawa gida, kowane sashe ya ƙara manne wa 'yan sashensa, kason lokacin da ake ɓatarwa da mutanen wasu sassa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wani bincike na 2022 na Melanie Brucks da Jonathan Levav kuma ya nuna cewa mutum biyu da ke neman sabbin dabaru ta bidiyo ba sa fito da dabaru masu yawa kamar na ɗaki ɗaya, sai dai wajen zaɓar dabarar da ta fi kyau bidiyon bai rage komai ba.

Ma'ana, aikin da mutum ɗaya ke yi kuma ake iya ƙirga shi, nesa ba ta cutar da shi, har tana iya taimaka masa. Aikin da sai an haɗa kawuna an lalubo sabon abu, shi ke shan wahala. A tuna kuma cewa ma'aikatan Shanghai da na Microsoft ba sa fama da ɗaukewar wuta. Kafin ka ɗauko sakamakonsu ka ɗora a Gusau ko Maraɗi, sai ka yi lissafin da ke tafe a ƙasa.

Waɗanne ayyuka suka dace da nesa, waɗanne ba su dace ba?

Fassara, rubuta manhaja, zanen kwamfuta, shigar da bayanai, lissafin kuɗi, amsa kiran abokan ciniki, rubuta rahoto da gyaran labarai duk suna tafiya daga nesa. Asibiti, sito, kantar banki, masana'anta da gini ba sa buƙatar bayani.

Masu rikitarwa su ne na tsakiya. Aikin da ya dogara da fayil na takarda da sa hannu da hatimi ba zai yiwu daga gida ba sai an fara mai da takardun cikin kwamfuta, in ba haka ba masinja zai wuni a kan babur yana bin gidajen mutane da fayil. Ciniki mai nauyi kuwa, musamman da manyan 'yan kasuwa, sai an je an gaisa an zauna. Wanda zai ba ka kayan miliyoyi bashi yana son ya ga fuskarka tukuna.

Wace ta fi arha, kuma wa ya kamata ya biya wuta da data?

Kamfani yana rage kuɗin haya da man janareta da na shara da gadi. Ma'aikaci yana rage kuɗin mota, wanda ya yi tsalle bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Mai zama a Mararaba ko Suleja da ke aiki a tsakiyar Abuja kuma yana tsira da awannin da cunkoso ke cinye masa safe da yamma. Sai dai kuɗin bai ɓace ba, gidan ma'aikaci ya koma, kuma adalci shi ne kamfani ya bi shi can da alawus.

Ga lissafin wuta na wuni ɗaya mai awa 8. Laftof tana cin wat 45 zuwa 65, a ce 60, sau 8 ya zama 480. Na'urar intanet wat 10, ya zama 80. Fanka wat 50, ya zama 400, kuma a watan Afrilu ba wanda zai ce fanka ƙawa ce. Jimla ta kusa wat-awa 1,000. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar 1,200 a rubuce, amma idan mai ruwa ne rabinsa kawai ya kamata a sha, in an zuƙe shi ƙarƙaf kullum ba zai daɗe ba. Don haka ko a sayi guda biyu, ko a sayi na litiyom guda ɗaya wanda ake iya shan kusan kashi 80 cikin ɗari nasa. Farantin sola mai wat 300 zuwa 400 zai cika shi a ranar da ta fito sosai. Lokacin hunturu ƙura kan rufe faranti ta rage ƙarfinsa, sai a riƙa goge shi duk bayan kwana biyu ko uku.

Data kuwa taron bidiyo ne ke cinye ta. Taron mutane da yawa yana shan kimanin gigabayit ɗaya a awa, idan hoton mai tsananin kyau ne ya ninka haka. Murya kaɗai ba ta kai megabayit 100 a awa. Mai yin taron bidiyo awa biyar a mako zai sha kusan gigabayit 20 a wata kafin ya buɗe imel ko ɗaya. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashi a Janairun 2025, alawus ɗin datar da aka yanke kafin lokacin ya daina isa, a sake duba shi.

Idan wuta ko sabis ya ɗauke kwana da kwanaki fa?

Zai ɗauke, don ya sha faruwa. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda tsaro, daga baya aka haɗa da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya da Ghana suka tsaya cak. A Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa sun shafe fiye da mako a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta.

Ofis ɗaya yana da sauƙin karewa, janareta ɗaya da layin intanet biyu sun wadatar da kowa, amma idan ya faɗi kowa ya faɗi. Tawagar da ta warwatsu a garuruwa ba ta faɗuwa gaba ɗaya, sai dai kullum akwai wanda ke cikin matsala. Tanadin shi ne kowa ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, a ajiye kwafin muhimman takardu a cikin kwamfuta yadda za a iya aiki ba intanet, kuma kowane aiki mai wa'adi ya kasance akwai mutum na biyu a wani gari da ya san inda aka tsaya. A kuma yanke doka tun da wuri: wanda sabis ya yanke masa fiye da awa biyu ya aiko da saƙon tes ko ya kira da zarar ya samu hali. Shirun da ba a san dalilinsa ba shi ke haifar da zargi.

Yaya shugaba zai san ana aiki alhali ba ya ganin kowa?

Wannan ce tambayar da ke ƙarƙashin yawancin ƙin yarda da aikin nesa. Amma ganin mutum a kan kujera daga ƙarfe takwas zuwa huɗu bai taɓa zama shaidar aiki ba, rajistar zuwa ce kawai.

Abin da ke aiki shi ne a mai da kowane aiki abu mai amsa tambaya huɗu: mene ne, wa zai yi, yaushe zai gama, da me za a gane ya gama. “Ka duba maganar rahoton nan” ba umarni ba ne. “Malama Hadiza za ta aiko da rahoton kashe kuɗin wata uku, shafi biyar da rasitansa, ranar Laraba kafin la'asar” umarni ne. A zuba ayyukan a allo ɗaya da kowa ke gani, ko manhajar tsara ayyuka ta Trello ko takardar Google Sheets ma ta isa. Ranar Litinin kowa ya rubuta abu uku da zai gama a makon, ranar Alhamis ko Juma'a ya rubuta inda ya kai da abin da ya tare shi. Shugaba kuma ya ware minti 20 zuwa 30 ga kowane mutum shi kaɗai, a mako ko mako biyu.

Manhajojin da ke ƙirga motsin linzamin kwamfuta ko ɗaukar hoton allon ma'aikaci ba mu ba da shawararsu. Suna koya wa mutum yadda zai yi kamar yana aiki, kuma suna faɗa wa ma'aikacin kirki cewa ba a yarda da shi ba. Shi ne kuwa wanda zai fara samun wani wurin ya tafi.

Me ya sa taron bidiyo ke gajiyarwa, kuma yaya za a gyara shi?

Murya tana isowa da ɗan jinkiri, sai mutum biyu su fara magana tare, su yi shiru tare. Ido yana kan fuskoki da yawa a lokaci guda, har da fuskar mai kallon. Ga wanda ya manta bai rufe makirufo ba, ana jin kukan akuya.

A aika da jadawalin magana kwana ɗaya kafin taro. A buɗe kyamara minti biyar na farko a gaisa sosai, a tambayi iyali da gajiya, don gaisuwar ba ɓata lokaci ba ce, sannan mai raunin sabis ya rufe tasa. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet na kyauta a awa ɗaya idan an kai mutum uku, kuma taron da ya wuce haka dama ya yi tsawo. A naɗa mai rubuta matsaya, ya aika wa kowa cikin awa ɗaya. Abin da sanarwa ce kawai, a rubuta shi, kada a tara mutane.

A kula da lokaci. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya, Ghana tana bayansu da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da Kenya da awa biyu. Ingila tana daidai da Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana baya da awa ɗaya, kuma a makon da suke juya agogo ne ake yawan saɓa taro. A kauce wa lokutan salla da tsakar ranar Juma'a, da azumi kuma a mai da taruka safiya.

Zauren WhatsApp bai isa ba?

Ya isa ga gaggawa da gaisuwa. Bai isa ya zama ma'ajiyar aiki ba. Matsayar da aka yanke ranar Talata tana nutsewa a ƙarƙashin saƙo ɗari biyu na barka da Juma'a da ta'aziyya. Saƙon murya na minti bakwai ba a iya bincika kalma a cikinsa, ga shi wanda ya bar aiki yana tafiya da komai a wayarsa. A raba zaure biyu, na aiki da na zumunci. Takardu su zauna a ma'ajiya ɗaya mallakar kamfani. Duk umarnin da aka bayar da murya a bi shi da layi biyu a rubuce. A kuma sa iyaka: saƙon da ya shigo bayan isha'i, amsarsa sai da safe, sai fa in an kira.

Me ya sa saɓani ya fi saurin tashi a tawagar nesa?

Labarin zuciya a tambayi fuska, rubutu kuwa ba shi da fuska. Oga ya rubuta “To.” yana cikin sauri, ƙaramin ma'aikaci ya kwana yana tunanin laifin da ya yi. Wani ya ga alamar an karanta saƙonsa ba a amsa ba, ya ɗauka raini ne, alhali cajin wayar ne ya ƙare.

Dokar mai sauƙi ce: idan saƙo ya je ya dawo sau uku ba a fahimci juna ba, a ɗauki waya. Gyara da faɗa ba a yin su a zaure gaban jama'a, a kira mutum shi kaɗai. Yabo ne ake yi a zaure.

Akwai kuma matsalar kunya da girmama na gaba. A ofis shugaba yana iya ganin fuskar ƙarami ta canja, ya ce “Sani, kamar kana da magana.” A taron da kyamarori ke rufe, shirun ladabi da shirun amincewa da shirun wanda sabis ya yanke masa duk iri ɗaya ne. Don haka mai jagorantar taro ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya fara da ƙanana kafin manya su faɗi ra'ayinsu, domin da zarar babba ya yi magana ƙarami ba zai saɓa masa ba.

Sabon ma'aikaci zai iya koyon aiki daga nesa?

Zai iya, amma a nan ne ofis ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda ya gama bautar ƙasa jiya bai san abin da bai sani ba, balle ya tambaya. Idan da hali, ya yi makonni huɗu zuwa shida na farko kusa da wanda ya iya aikin. Idan babu hali, a haɗa shi da mutum ɗaya, ba shugabansa ba, wanda zai iya yi wa kowace irin tambaya ba tare da jin nauyi ba, su riƙa magana minti 15 kullum a watan farko. A ba shi ƙaramin aiki na gaske a makon farko, a duba, a gyara masa a ranar.

Mai aiki daga gida, musamman mace, yaya za ta kare lokacinta?

Aikin nesa ya buɗe ƙofa ga matan da nisa ko reno ko yanayin gida ya hana fita kullum, da masu larurar da hawa mota ke wahalar da su. Amma a gidan da ke da jama'a, wanda aka gani zaune ana ɗauka ba abin da yake yi. Za a aike shi kasuwa, baƙo zai yi sallama, girkin rana zai faɗo a kan matar da ke tsakiyar rahoto. Sai an zauna da mutanen gida an faɗa musu awannin aiki ƙarara, a samu ɗaki ko lungu mai ƙofa, yara ƙanana kuma a nemi mai kula da su kamar dai za a fita ofis. Kamfani ma ya yi sassauci: ya ware awa huɗu da kowa zai kasance a kan layi, misali goma zuwa biyu, sauran mutum ya tsara da kansa.

Sirrin kamfani da haƙƙin ma'aikaci fa?

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ba ta bambanta ofis da ɗakin kwana ba. Idan bayanan abokan ciniki suka fita ta laftof ɗin da yaro ya ɗauka yana wasa, kamfani ne zai amsa, kuma idan fitar na iya cutar da mutane dole ya sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Kwamfutar aiki ta zama ta aiki kaɗai, da kalmar sirri da tabbatarwa mataki biyu, kuma a rufe asusun wanda ya bar aiki a ranar da ya bari.

Zama a gida kuma ba ya rage wa ma'aikaci haƙƙi. Inda dokar fansho ta 2014 ta hau kan kamfani, kashi 10 cikin ɗari na kamfani da kashi 8 na ma'aikaci suna nan yadda suke. A rubuta a takardar ɗaukar aiki wa ya mallaki kayan aiki, wa ke gyara su idan sun lalace, da nawa ne alawus.

A haɗa biyun mana, wasu ranaku gida wasu ofis?

Kamfanin nan na Shanghai, wanda yanzu ake kira Trip.com, ya sake gwaji da ma'aikata 1,612, aka bar rabinsu su zauna gida Laraba da Juma'a. Sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna masu ajiye aiki sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, ingancin aiki da ƙarin girma kuma ba su taɓu ba. A Najeriya ma an gwada: gwamnatin Kaduna ta mai da zuwan ma'aikatanta ofis kwana huɗu a mako daga Disambar 2021, Edo kuma ta rage zuwa uku a 2023 bayan tashin kuɗin mai.

Inda tsarin ke lalacewa shi ne a bar kowa ya zaɓi ranarsa. Sai mutum ya sha cunkoso ya iso ofis ya tarar ba kowa, ya zauna yana taron bidiyo da waɗanda ke gida. A tsayar da ranaku ɗaya ga tawaga duka, a tara taruka da horarwa da neman dabaru a cikinsu, ranakun gida a bar su ga aikin da ke son natsuwa. Idan kuma za a yi taro wasu na ɗaki wasu na nesa, kowa ya shiga ta na'urarsa, in ba haka ba na ɗaki za su yanke magana a tsakaninsu, na nesa su zama 'yan kallo.

Tawagar da ke garuruwa daban-daban, sau nawa ya kamata ta haɗu?

Zumunta a ƙafa take, ta aiki ma haka. Aƙalla sau biyu a shekara, kwana biyu ko uku kowane zuwa, da kuma duk lokacin da za a fara babban aiki. A sa kuɗin mota da masauki a kasafin shekara tun farko, daga abin da aka rage na haya, don idan aka bar shi sai an samu rara ba za a taɓa yi ba. A zaɓi garin da hanyarsa ta fi aminci ga mafi yawan mutane, a tsara tafiya da rana. Kada a cika kwanakin da jawabai. Rabin lokacin a ba tsara aikin watanni shida masu zuwa da maganganun da suka yi nauyi a faɗa ta waya, sauran rabin a ci abinci tare a yi hira.